Me ke sa mutanen ƙasashen waje tsayawa kallon rahoton hawan Sallah?

Ɗan Ƙofar Guga:

Assalamu alaikum. Tambaya gare ni ga manyanmu na wannan zaure, musamman masu aikin jarida da ɗaukar hoto. Duk Sallah za ka ga kafofin waje da kamfanonin dillancin labarai irin su AFP da Reuters sun saki ɗan gajeren bidiyo na hawa, wani ko minti biyu bai kai ba, sai mutanen Turkiyya da Indunusiya da Amurka su cika ƙasansa da sharhi, wasu har da tambayar ta ina ake zuwa. Mu kuwa nan Katsina shafukanmu suna ɗora awa guda cur ta hawa, dawakin sun fi yawa, an ɗauka kusa da kusa, amma masu kallon 'yan gida ne da 'yan uwanmu mazauna Legas ko Saudiyya. Shin kayan aiki ne suka fi mu, ko sunan da suka riga suka yi, ko akwai dabara a yadda ake haɗa rahoton? Don Allah a warware mana dalla-dalla, tun daga ɗauka har zuwa saki.

Hajiya Mai Tace Labari:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Kayan aiki na da nasu rabo, suna ma haka, amma babban abin da ya raba bidiyon nan biyu shi ne wanda aka yi dominsa. Awa gudan nan an yi ta ne domin Bakatsine. Ya san Kaura, ya san Durɓi, yana zaune yana jiran tawagar hakiminsu ta wuce ya ga ko ɗan ƙanwarsa ya hau. Ba sai an gaya masa komai ba. Mutumin Istanbul kuwa bai san kowa a taron ba, bai san abin da ake yi ba, kuma yatsansa na kan waya zai tura gaba. Editan waje da wannan mutumin a ransa yake yanka hoto, tun daga sakan na farko.

Shi ya sa ba su buɗewa da gaisuwa, ko tambarin shafi, ko jerin motocin manyan baƙi. Sakan uku zuwa biyar na farko ana zuba abin da ya fi komai ƙarfi: mahaya sun saki dawaki a guje sun zo sun ja linzami gaban sarki, ko hayaƙin 'yan bindiga ya turnuƙe, ko fuskar doki cikin kayan ado ta cika allo. A filin hawa wannan sukuwar gaban sarki, wato jafi, can baya take zuwa, amma a rahoto ita ake sa wa gaba. Mu mun saba bin tsarin yadda abu ya faru, daga filin idi zuwa fada. Su suna bin tsarin abin da zai hana ido kaucewa.

Da zarar ido ya tsaya, sai a ba shi jimla ɗaya tak da zai san inda yake: wane gari ne, a wace ƙasa, wace rana ce, me ya tara mutanen. Jimlar nan ba ta ɗauke da sunan sarauta ko ɗaya. Sunayen suna zuwa daga baya, kuma ba su wuce biyu ko uku a duk rahoton.

Sai abin da shafukanmu suka fi sakaci da shi, wato mutum ɗaya. Dawaki ɗari biyar suna burge ido na ɗan lokaci, amma mai kallo ba ya iya damuwa da taro, da mutum yake damuwa. Don haka ake neman yaron da hawansa na farko ke nan, ko mai ɗinkin kayan doki da ya kwana yana aiki, ko mabushin kakaki da ya gaji ubansa. A yi masa tambayoyi biyar ko shida, a ɗauki amsa biyu, kowacce sakan goma zuwa sha biyar. Tambayar da ta fi ba da amsa mai amfani ita ce ta ƙidaya: wata nawa ka yi kana shiri, nawa kake kashewa a dusa da harawa a mako, shekara nawa gidanku na wannan aiki. Baƙo yana iya auna irin wannan da rayuwarsa. Idan aka tambayi mutum yaya yake ji, amsar “muna farin ciki, mun gode Allah” ce, gaskiya ce kuma, amma ba ta gaya wa baƙo abin da bai gani a hoto ba.

Daga nan sai a ɗaura abin da yake gani da wani abu da ya riga ya sani. Ga Musulmin Malesiya ko Masar, igiyar ita ce Idi kanta: shi ma ya yi azumi, shi ma ya je masallaci da safen nan, sai ga wasu suna Sallah bisa dawaki. Ga Bature, 'yan sulke da 'yan lifidi suna tuna masa mahayan tarihinsu. Ana kuma jawo abubuwan da aka riga aka rubuta: hawan da aka yi wa Sarauniya Elizabeth a Kaduna a 1956, na bikin al'adun baƙar fata na FESTAC a 1977, da shigar hawan Kano cikin jerin al'adun duniya na UNESCO a Disambar 2024. Waɗannan su ke gaya masa cewa abin nan sananne ne, ba shi kaɗai ya tsinto shi ba.

Akwai wani abu da kusan duk rahoton waje ke sakawa, kuma ya kamata ka san dalilinsa: kalmar “duk da”. Duk da tsadar rayuwa, duk da matsalar tsaro, bayan an dakatar saboda korona a 2020. A wurin edita, bikin da ake yi kowace shekara ba sabon labari ba ne sai an nuna abin da ya bambanta bana da bara. Yana jan mai kallo ƙwarai, don yana sa shi ya ji mutanen nan sun tsallake wani abu kafin su hau. Amma ni a ganina wuƙa ce mai kaifi biyu. Idan gaskiya ne kuma kana da hujja, faɗe shi cikin jimla ɗaya. Idan kuwa an liƙa ne don a ja hankali, to an sayar da sunan gari da araha.

Game da suna da ka tambaya, ga yadda yake aiki. Kamfanin dillancin labarai ba mai kallo yake sayar wa ba, gidajen talabijin da jaridu masu biyan kuɗin rajista yake tura wa. Bidiyo ɗaya sai ya fito a ƙasashe da dama, kowa ya ɗora muryarsa da harshensa. Ranar Idi kuma kusan kowace babbar kafa tana haɗa jerin hotunan Idi a faɗin duniya: Makka, Alƙahira, Jakarta, Dakar. Yawancinsu sahun masallata ne daga sama, sun yi kama da juna. Hoton mahayi da rawani da doki cikin jalala shi ke fita daban a jerin, don haka ake yawan zaɓarsa. Sharaɗinsu shi ne bidiyon ya zo tsaf: babu kiɗan da aka ɗora, babu tambari, babu rubutu a kai, sai sautin wurin, tare da takarda mai jera kowane hoto da abin da ke cikinsa da sunan duk wanda ya yi magana da fassarar maganarsa. Kuma ya iso a ranar. Washegari da yamma an wuce wurin.

Mai Kyamara na Sabon Layi:

Hajiya ta gama da ɓangaren tebur, Allah ya saka. Bari in ɗora da na fili, don duk dabarar yanka ba ta gyara abin da ba a ɗauko ba.

Aikin ba a Ƙofar Soro, bakin fadar Sarkin Katsina, yake farawa ba, a barga yake farawa da asuba. Lokacin da ake wanke doki, ana ɗora sirdi, ana gyara likkafa, ana naɗa wa mahayi rawani, hasken yana da taushi, babu turereniya, kuma nan ne za ka sami mutumin nan ɗaya da Hajiya ta ce. Nemi izinin mai gidan tun kwana biyu ko uku kafin Sallah. Minti arba'in a barga sun fi awa biyu a bakin hanya amfani.

A filin kuwa, je da wuri, aƙalla awa biyu kafin sarki ya iso, ka gaida dogarai su nuna maka inda ba za ka tare hanya ba. Rana ta kasance bayanka ko gefenka. Idan ku biyu ne, ɗaya ya hau wuri mai tudu da gilashin kyamara mai faɗi, kamar milimita 24, ya riƙe taron gaba ɗaya, ɗayan ya tsaya ƙasa da mai jawowa, milimita 70 zuwa 200, yana kamo fuskoki da kofato da hannun makaɗi. Mai jawowa ne ke ba da hoton nan da dawaki suke kamar sun cunkushe suna tahowa kanka alhali kana nesa. Kada ka nemi wannan hoton da ƙafarka. Doki a guje ba ya kauce wa mai kyamara.

Ga duk hoto mai faɗi ɗaya, ɗauki na kusa uku. Kowanne ka riƙe shi sakan goma ba motsi, kana ƙirgawa a zuci. Babban ciwon bidiyonmu shi ne kyamara na yawo hagu da dama, ana jawowa ana turawa, edita ya rasa sakan huɗu tsayayyu da zai yanka.

Saiti: firam 25 a sakan da shota (saurin buɗewa da rufewar kyamara) 1/50 na sakan don hira da tafiyar hankali. Don jafi, firam 50 da shota 1/100, yadda za a rage gudun da rabi ba tare da hoto ya yi tsalle ba. Hoton tsaye na doki a guje yana son 1/1000 ko sama. Daga ƙarfe goma na safe ranar Katsina ta yi tsanani, fararen riguna da rawuna suna ƙonewa su zama fari fat, fuska kuma ta yi duhu ƙarƙashin rawani. Sa baƙin gilashin rage haske a gaban kyamara, ka auna haske da fuska, sannan ka ɗan rage har sai aikin zaren riga ya fito. Idan ka bar kyamara ta zaɓa da kanta, duk farin doki da ya shigo sai hoton ya dushe, ya wuce ya dawo.

Sauti shi ne rabin abin da ke riƙe baƙo, kuma shi muka fi zubarwa. Makirufon jikin kyamara iska da hayaniya kawai yake kwasa. Sami ƙaramin rikoda daban, ka sa wa makirufo rigarsa mai gashi saboda iska, ma'aunin ƙarfin sauti ya riƙa kaiwa wajen desibel -12, kada ya taɓa ja. Idan 'yan bindiga sun kusa, rage sosai, don harbi ɗaya yana fasa sautin ya zama ƙara marar daɗi. Ɗauki minti guda na kakaki shi kaɗai, minti guda na algaita, na tambari, na kofato, na kirari. Da su edita zai ɗinke wuraren da ya yanka. Hira kuma a ja mutum nesa da lasifika da janareta, a maƙala masa ƙaramin makirufo kamar ɗani ɗaya ƙasa da haɓa, a tabbata rawani ko alkyabba ba su gogarsa.

Abin da ke lalacewa: ƙura da zafi. Kada ka canza gilashi a fili, ƙura za ta shiga ta zauna, kowane hoto ya fito da ɗigo a sararin sama. A shekarun nan Sallah na faɗowa tsakanin Maris da Yuni, zafi kan kai digiri 40, ƙananan kyamarori suna kashe kansu idan an daɗe ana ɗaukar 4K, waya kuma ta rage haske ta fara sanƙarewa. Rufe ta da farin ƙyalle, kashe ta tsakanin tawaga da tawaga, kada zafin ya kashe maka ita daidai isowar sarki. Batir huɗu. Memori: 4K a megabit 100 a sakan yana cin kusan gigabait 45 a awa, ke nan kati mai 128 bai kai awa uku ba. Amfanin 4K shi ne za ka iya yanko hoton tsaye na waya, 1080 da 1920, daga cikin na kwance ba tare da ya dushe ba, in dai ka bar mahayin a tsakiya.

Turawa kuma, inda dubban mutane suka taru netwok ya toshe. Fita can gefen gari. Minti ɗaya da rabi a 1080, megabit 10 a sakan, bai wuce megabait 115 ba. In ta WhatsApp ne, tura shi a matsayin fayil, don in ka tura a matsayin bidiyo zai matse shi, ƙura da aikin zare su narke su zama tabo.

Jirgi marar matuƙi yana ba da hoto mai kyau, amma yana buƙatar izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta NCAA da ofishin mai ba da shawara kan tsaron ƙasa, ga kuma izinin fada. Ƙararsa na firgita dawaki, kuma dokin da ya firgita cikin taro ba abin wasa ba ne. In babu izini, bene ya wadatar.

Baba Na Bakin Kusugu:

Sannunku da ƙoƙari. Yaro, ka samu masana. Ni abin da zan ƙara shi ne inda rahotannin nan ke kuskure, don in ka kwaikwayi dabararsu kada ka kwaso har da kurensu.

Kalmar “Durbar” da suke kira ba tamu ba ce. Daga Indiya Turawan mulki suka zo da ita, mu muka mayar da ita hawan daba, kuma asali taro ne na musamman da ake haɗa sarakuna domin babban baƙo, kamar wanda aka yi wa Yariman Wales a Kano a 1925. Hawan Sallah kuwa kowanne da sunansa da ma'anarsa. Katsina akwai hawan Sallah da hawan Bariki, inda sarki ke zuwa gaida gwamna. Nan Daura akwai hawan Magajiya. Kano na da Daushe da Nasarawa. Sa kalmarsu don su gane, amma ka bi ta da sunan gaskiya. Baƙo yana son sunan gaskiya, yana jin an shigar da shi cikin gida.

Kuskure na biyu, hoton Katsina ko Daura ya fita duniya da sunan Kano, saboda Kano suka sani. Laifin yawanci daga wanda ya tura hoto tsirara ne babu bayani. Kowane hoto ya tafi da gari, unguwa ko wuri, rana, da abin da ake yi. Kuma a sa abin da ba za a iya ɗauka na wani gari ba: hasumiyar Gobarau, Ƙofar Soro, rijiyar Kusugu.

Na uku shi ne jafi. Sau da yawa ana fassara shi da wasan yaƙi, ko a ce mahaya suna yi wa sarki barazana. Jafi gaisuwa ce da nuna biyayya. Hakimi ya zo da mutanensa, ya nuna dawakinsa da shirinsa, ya yi jinjina, dogarai su amsa a madadin sarki. Wanda ya gane haka zai kalli gudun da wani ido. Haka hakimi, ba ɗan sarki ba ne dole, mai riƙe da gunduma ne: Kaura a Rimi, Durɓi a Mani, 'Yanɗaka a Dutsinma, Galadima a Malumfashi. A faɗi haka cikin kalma huɗu, an wuce.

Sai ƙarin gishiri a shekaru. Kowa na son ya ce shekara dubu. Labarin Bayajida da Daurama da macijin Kusugu tarihin baka ne da muka gada, a gabatar da shi a haka, ƙimarsa ba ta raguwa. Abin da yake a rubuce kuma a faɗe shi da shekararsa: Sarki Muhammadu Dikko ya yi mulki daga 1906 zuwa 1944, shi ya kafa wa Katsina suna a wasan folo, Usman Nagogo ya ɗora. Wannan kaɗai ya isa ya jawo masu son dawaki na Ingila da Ajantina. Ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya, kuma a intanet akwai wanda zai bincika ya tona.

Wani abin da ke damuna: rahoton waje yakan mayar da Sallah dawaki zalla. Sallar idi ita ce tushe, hawa ya biyo baya. Mata kusan ba su fitowa, alhali lalle, kitso, tuwon Sallah da ake rabawa maƙwabta, yara da sababbin kaya suna yawon barka da Sallah, duk Sallah ce. Sakan goma na wannan suna sa baƙo ya ga mutane masu gida da iyali. Amma ba a ɗaukar matar aure ko yarinya sai da yardarta da ta gidansu, kuma ba a kutsa kyamara gaban sahu ana salla. A babbar Sallah, bar hoton yanka. Facebook da YouTube kan rufe hoton jini ko su rage yaɗa shi, wanda ba Musulmi ba kuma ya kau da kai. Nuna rabon nama ga maƙwabta da mabuƙata, can ma'anar take.

Kada kuma a manta Sallar Gani ta Daura a watan Rabi'ul Awwal. Ranar Idi kana gasa da duniya duka, lokacin Gani kuwa filin naka ne. Shekarun da marigayi Shugaba Buhari yake zuwa Sallah gida, 2015 zuwa 2023, kyamarori sun cika Daura, amma siyasa ta kawo su, da ita kuma suka koma. Gani ba ta jiran kowa.

Ɗan Ƙofar Guga:

Allah ya ƙara girma, Baba. Hajiya, Malam, na gode ƙwarai. Saura biyu. In za mu saki a shafinmu kai tsaye, da wane harshe, kuma a ɗora waƙa ko a bari? Sannan shin kallon nan yana kawo baƙi da ƙafarsu, ko a waya yake tsayawa?

Malam Na Layin Waya:

Waƙa a bari. Dalili biyu. Waƙar da ke da mai ita, na'urar YouTube da Facebook tana gane ta, sai a kashe sautin, ko a toshe bidiyon a wasu ƙasashe, ko kuɗin talla ya tafi wurin mai waƙar. Na biyu, kakaki da algaita su ne abin da baƙo bai taɓa ji ba. In ka rufe su da kiɗan fiyano ka zubar da abin da ya fi tsada a hannunka.

Harshe: bar mutane su yi Hausarsu, ka sa fassara a ƙasan allo. Da yawa suna kallo ne sauti a kashe, don haka bidiyon ya zama ana gane shi ko ba a ji. Layi biyu iyaka, kowanne kada ya wuce harafi 40 ko kusa, ya tsaya aƙalla sakan biyu, fari mai baƙin gefe don kada ya ɓace cikin fararen riguna. A hoton tsaye ɗaga rubutun sama kaɗan, don maɓallan TikTok da Instagram suna rufe ƙasa da gefen dama. Fara da Turanci, sai Larabci, sai Faransanci. Kowane harshe bidiyonsa daban, kada a cusa uku a allo ɗaya. Fassarar na'ura tana kwaɓa sunayen sarauta da kirari, sai mutum ya duba. Kirari ma ba a fassara shi kalma da kalma, a ce kawai maroƙi yana ambaton kakannin mahayin da jaruntarsu. A kanun kuma dole kalmomin da suke bugawa wajen nema su fito, wato Durbar, Eid, Nigeria, sannan Katsina ko Daura.

Lokacin saki ya danganta da wanda kake nema. Saudiyya da Turkiyya suna gabanmu da awa biyu, Dubai uku, Jakarta shida, Malesiya bakwai. Landan lokacinmu ɗaya a bazararsu, a hunturu muna gabansu da awa ɗaya. New York tana bayanmu da awa biyar ko shida. Ke nan abin da ka saki ƙarfe ɗaya na rana ya sami Jakarta bakwai na dare, ya sami gabashin Amurka da safe. Wanda ka saki goma na dare Asiya na barci. Bayan kwana biyu buɗe ma'aunin shafin ka duba layin da ke nuna inda mutane ke fita. In ya faɗi a sakan biyar na farko, mabuɗin ne bai yi ba. In ya faɗi inda wani babba ya fara jawabi, jawabin ne ya yi tsawo. Awa gudan nan kuma kada a daina, tana da masu ita. A yi biyu: doguwa ta gida, gajera ta waje.

Tambayarka ta biyu, gaskiya ɗaya ce. Rahoto yana sa sha'awa, amma tafiya tana buƙatar biza, masauki, da kwanciyar rai. Gwamnatocin Ingila da Amurka sun sa jihar Katsina cikin wuraren da suke gargaɗin mutanensu kada su je, kuma kamfanonin inshorar tafiya da wannan gargaɗin suke aiki. Bidiyo mai kyau ba ya goge wannan. Waɗanda kallo ya fi saurin mayarwa baƙi su ne na kusa: mutanen Maraɗi da Damagaram, 'ya'yan Hausawa da aka haifa a waje, ma'aikatan ofisoshin jakadanci da ke Abuja, masu ɗaukar hoto da masu bincike. Su ya kamata a yi wa bayani a ƙasan bidiyo: akwai filin jirgin Umaru Musa 'Yar'adua a Katsina, Daura na da nisan kusan kilomita 80 daga nan, hawa kaza ranar kaza. Wanda ya tambayi tsaro kada ka ce masa babu komai, kada kuma ka tsorata shi. Ce masa ya tuntuɓi ofishin jakadancinsu, ya kuma sami mai masauki a gari kafin ya taso.

Hajiya Mai Tace Labari:

Malam ya tuna mini batun rana. Kada ka buga wa baƙo tsayayyar ranar Sallah wata guda kafin lokaci. Sai an ga wata Sarkin Musulmi ya sanar, don haka rubuta “ranar kaza ko washegari”, ka yi bayanin dalili cikin jimla ɗaya. Shi kansa wannan yana ba su sha'awa, kamar yadda Sallah ke matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara. Kuma jira sanarwar masarauta cewa za a yi hawan, tunda an sha ɗage shi.

Sannan in wata kafa ta waje ta rubuto tana neman bidiyonka, ƙanena, kada ka amsa da “ba komai” a sharhi. Nemi su turo a rubuce: a ina za su sa, na tsawon wane lokaci, su kaɗai ko kana iya ba wasu, nawa za su biya, da yadda za a rubuta sunanka. In kamfanin dillanci ne, ka sani za su raba wa duk masu rajista da su, farashin ya tafi da haka. Ajiye ainihin fayil ɗin da ya fito daga kyamara, mai kwanan wata da lokaci, don shi za su nema su tabbatar kai ka ɗauka kuma na bana ne. Wanda ka yi hira da shi a barga kuma a gaya masa tun farko cewa fuskarsa na iya fita a talabijin ɗin wata ƙasa, ya amince kyamara na ɗauka, ka ajiye wannan guntun tare da sauran.